Kwali biyu na faya-fayan jazz a Bauchi: me zan duba kafin in biya?

Baban Khalifa, Bauchi

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sauraron jazz. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga harkar nan. An yi mini tallar kwali biyu na faya-fayan garmaho a nan cikin garin Bauchi, na wani dattijo ne tsohon ma'aikacin gwamnati da Allah ya yi wa rasuwa, iyalinsa suke son rabuwa da su. Yawanci manyan faifai ne masu gudun 33, wato zagaye 33 a minti, da ƙanana 'yan kaɗan, sai wasu masu kauri da nauyi waɗanda ke cikin takarda kawai ba bango. Tambarin da na gani sun haɗa da Blue Note, Columbia, Verve, Fontana da HMV. A gefe kuma akwai CD wajen hamsin. Kayan sun daɗe a ɗakin ajiya mai rufin kwano, ƙura ta hau su sosai, wasu bangwayen ma da tabon ruwa.

Abin da nake son sani shi ne yadda ake gane faifan da zai yi kiɗa da wanda ya riga ya mutu, da yadda ake bambance bugun asali da wanda aka sake bugawa, tunda na ji ana cewa kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Sannan ba ni da na'urar da zan sa su tukuna, wace iri ce ta dace da wutarmu? CD ɗin kuma, akwai amfanin haɗawa da su? Allah ya saka da alheri.

Malam Mai Garmaho, Gombe

Wa alaikumus salam, Baban Khalifa. Kafin zancen faifai, ka tabbatar an raba gado ko kuma magada duka sun san da cinikin, kuma a yi shi a gaban shaida. Idan ka ga hatimin gidan rediyo ko na wata makaranta a bango, ka tambayi yadda aka yi ya zo gidan, domin irin waɗannan dukiyar hukuma ce.

To, sai dubawa. Kada ka yarda da cinikin biri a sama, a ce ka biya kuɗin kwali ka je gida ka buɗe. Ka tafi da tocila mai haske sosai da tsumma mai laushi, ka zauna ka zaro su ɗaya bayan ɗaya. Ka riƙe faifai ta gefensa da takardar tsakiya, yatsa bai taɓa inda allura take bi ba. Ka haska tocilar a karkace, ba kai tsaye ba, kana juya shi a hankali. Faifai mai lafiya baƙi ne wuluk yana sheƙi. Wanda aka cinye da tsohuwar allura mai nauyi za ka ga layukansa sun yi toka-toka, musamman can kusa da tsakiya da wuraren da ƙaho ke tashi da ƙarfi. Wannan wanki ba ya gyara shi, duk sanda mai ƙaho ya ɗaga sauti sai ka ji ya tsage. Ƙura kuwa kada ta tsorata ka, tana fita.

Karcewa iri biyu ce. Akwai 'yan siraran zane na goguwa da takarda, waɗanda ido ke gani amma kunne ba ya ji. Akwai kuma wadda in ka bi ta da bayan farce a hankali za ka ji ta. Duk wadda farce ya ji, allura za ta ji, tas, tas, a kowane zagaye. Mafi muni ita ce wadda ta bi layi a kwance maimakon ta ratsa shi, ita ke sa allura tsalle ko ta maƙale wuri guda. Ka dubi bakin ramin tsakiya ma: idan takardar ta cika da 'yan zane-zane inda aka riƙa laluben ƙarfen na'ura, faifan ya sha kiɗa.

Tunda ka ce rufin kwano, babban abin tsoro shi ne bauɗewa. Ka ɗaga faifan daidai idonka ka dubi gefensa, ko ka kwantar da shi a kan gilashin tebur. Ɗan tudu mai faɗi allura za ta hau ta sauka lafiya. Amma gefen da ya yi ƙwanƙwasa kamar an naɗe shi, ko wurin da sheƙinsa ya dushe ya yi yamutse, zafi ne ya taɓa layukan kansu, za ka riƙa jin shuu, shuu duk zagaye. Ka bar shi komai sunan da ke jiki.

Maganar bugun asali, a nan mutane suka fi asarar kuɗi, don haka bari in ɗan tsaya. Abin da ke bango ba ya isa hujja. Hujjar tana a filin da ba kiɗa, tsakanin layi na ƙarshe da takardar tsakiya, inda aka zana ko aka buga lambobi. Ka ɗauki Blue Note, kamfanin da Alfred Lion ya kafa a New York a 1939. Adireshin da ke takardar tsakiya yana nuna zamani: 767 Lexington Ave shi ne na da can har wajen 1957, sai 47 West 63rd, sai New York USA daga wajen 1962, sannan daga wajen 1966 aka fara rubuta A Division of Liberty Records bayan an sayar da kamfanin. A filin da ba kiɗa ka nemi RVG ko VAN GELDER, alamar injiniyan da ya yanka faifan ke nan, Rudy Van Gelder. Sannan ka nemi wata 'yar alama mai kama da kunne, ta masana'antar Plastylite da ta riƙa buga musu har zuwa 1966. Dalilin da ya sa adireshi kaɗai ba ya isa shi ne ba sa zubar da ragowar takardun tsakiya, sai su liƙa tsofaffi a sabon bugu. Za ka iya samun faifai mai tsohon adireshi amma ba kunne, wannan bugun baya ne. Yana da daɗin ji, amma ba kuɗin na farko ba. Na Columbia ta Amurka kuma, mai tambarin ido guda shida a takardar tsakiya shi ne na kafin 1962, mai biyu ya biyo baya.

Sai dai ni a ganina abin da za ka fi samu a kwalin nan bugun Ingila ne, domin ta can kayanmu suka fi shigowa a wancan zamani. A lokacin, Fontana da ka gani tana buga na Columbia ta Amurka a Ingila, HMV tana buga na Verve da Impulse, Esquire na Prestige, London kuma na Atlantic. Kada ka raina su, robarsu mai kyau ce kuma shiru gare ta. Wanda zan ce ka guje masa shi ne mai rubutun electronically re-channeled for stereo a bango. Kiɗan mono ne, mai hanyar sauti ɗaya, aka yi wa dabara don ya yi kama da sitiriyo mai hanya biyu, sautin ya watse. Mono na gaskiya ya fi shi nesa ba kusa ba.

Farashi kuma, ka buɗe Discogs, shafin intanet na cinikin faya-fayai, a wayarka, ka rubuta lambobin da ke filin nan, zai kai ka ga ainihin bugun. Ka dubi kuɗin da aka riga aka sayar, na tsakiya, ba wanda masu talla suke nema ba. Kuɗin can na faifai mai tsabta ne. A ma'aunin da 'yan harkar ke bi, NM shi ne kusan sabo, VG+ na bin sa, sannan VG; mai matakin VG+ rabin kuɗin NM yake, VG kwata, abin da ya yi ƙasa da haka kuwa ɗan abin da ba a rasa ba. Kayan da suka kwana shekaru a ƙarƙashin kwano da wuya su wuce VG. Ka ware masu kyau ka yi musu kuɗi ɗai-ɗai, sauran a yi musu kuɗin tari. In kuma ka tarar da mai tsada a ciki, ka gaya wa iyalin gaskiya, haƙƙin marayu ne.

Injiniya Tumfure

Malam ya gama magana a kan faifai. Ni na'urar zan taɓa, kuma shawarata ita ce kada allura ta hau ko ɗaya daga cikinsu sai ka sami ta kirki, domin mummunar allura a sauraro kaɗan take lalata abin da ya shekara sittin lafiya. 'Yan ƙananan nan masu kama da akwati da lasifika a jiki, nauyin allurarsu yakan kai giram 5 ko fiye kuma ba a iya rage shi. Tsohon rediyogiram na katako ma haka, ga allurar ta daɗe da cinyewa.

Wajen masu kayan lantarki na gwanjo, abu na farko ka juya bayan na'urar ka karanta. Wutarmu volt 230 ce a kan 50Hz, wato bugu 50 a daƙiƙa. Ta Ingila da Turai ta dace da mu kai tsaye. Ta Amurka 120 ce a kan 60Hz, ta Japan 100. Mutane suna ɗauka taransifoma mai rage wuta ta gama magana, alhali ƙarfin wuta kawai take ragewa, ba ta taɓa 50 da 60 ɗin nan. Na'ura mai bel wadda injinta ke bin bugun wutar gida, in an yi ta don 60Hz aka sa ta a 50, maimakon 33 da sulusi za ta yi wajen 27.8 a minti. Kiɗan zai yi nauyi ya ja jiki, sai an canza ɗan ƙarfen da bel ke hawa, shi kuma samunsa aiki ne. Irin wannan injin, ko na 50Hz ne, a kan ƙaramin janareta sautin fiyano rawa yake yi, saboda gudun janareta ba ya tsayawa wuri ɗaya, sitabilaiza kuma ba ta maganin wannan. Shi ya sa a nan na fi son wadda injin ke juya farantin kai tsaye ba bel, mai rubutun direct drive da quartz, irin Technics SL-1200 da ƙannenta masu sauƙin kuɗi. Ita da kanta take riƙe gudunta, kuma ba robar da zafin Afrilu zai narkar. In sola gare ka, inbata ta zama mai pure sine wave, ɗayar irin tana sa ƙugi a lasifika.

Kafin ka biya, ka ɗora waya a kan farantin da manhajar auna gudu ka ga 33.3 da 45. Ka ɗaga hannun allura ka motsa shi hagu da dama, sama da ƙasa, ya tafi sumul ba kakarewa ba kuma girgiɗi a gindinsa. Allurar da ta zo da ita kuwa ka ɗauka ta mutu, ka sa sabuwa. Audio-Technica AT-VM95E ta isa, nauyin da aka yanka mata giram 1.8 zuwa 2.2, a sa ta a 2. Yadda ake saitawa: ka mayar da anti-skate, maɓallin da ke hana hannun jan kansa zuwa tsakiyar faifai, sifili, ka murɗa nauyin da ke bayan hannun har hannun ya tsaya a iska a kwance, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba. Ka riƙe nauyin ka juya zoben lambobi kaɗai ya koma sifili, sannan ka murɗa duka biyun tare zuwa 2, ka kai anti-skate 2 shi ma. Ɗan sikelin dijital irin na masu zinari yana tabbatar maka, amma a auna a daidai tsayin da faifai yake zama. Kada ka rage nauyin da nufin tausaya wa faifai. Allurar da ta yi sako-sako karkarwa take a cikin layi tana dukan bangonsa, ɓarnarta ta fi ta wadda ta ɗan yi nauyi. Bayan sa'o'i 300 zuwa 500 na kiɗa a canza ta, a ƙurarmu ma gara ka bi ƙaramin adadin.

Amfilifaya ta zama tana da mashiga mai suna PHONO. In ka sa a AUX za ka ji sautin can ƙasa-ƙasa, siriri ba bes, saboda wutar da allura ke bayarwa 'yar mitsitsiya ce kuma an rage bes da gangan wajen yanka faifai, mashigar PHONO ce ke mayar da shi. In babu, akwai ɗan akwatin phono preamp da ake sayarwa daban. Siririyar wayar nan ta uku a ɗaure ta a kusoshin GND, in ba haka ba ƙugi ba zai bar ka ba. Teburin ya daidaita, ka gwada da ma'aunin magina mai ɗigon ruwa, kuma kada lasifika ta zauna a kan tebur ɗaya da na'urar.

Maman Sadiq, Fadaman Mada

Yaya Baban Khalifa, su Malam sun ba faifan garmaho haƙƙinsa, amma kada ka ɗauki CD ɗin nan a matsayin gyara da ake ƙara wa mai saye. Ni da za a ce in zaɓi ɗaya a garin da zafi ke kai digiri 40 kuma hunturu ke cika ɗaki da ƙura, CD zan ɗauka. Wanda yake son ya san jazz, ya ji mawaƙa da makaɗa da yawa, da kuɗin faifan garmaho ɗaya mai kyau zai sayi CD masu yawa, kuma sau da yawa da ƙarin kiɗan da bai shiga faifan asali ba.

Kuma ba kullum tsohon bugu ya fi ba. Misali sananne shi ne faifan Kind of Blue na mai busa ƙaho Miles Davis na 1959. A bugun sitiriyo, gefen farko ya ɗan fi gudun da aka yi kiɗan da shi, saboda ɗaya daga cikin na'urorin ɗaukar sauti ta yi jinkiri ranar. Shekara da shekaru a haka aka riƙa sayar da shi, sai a 1992 aka gyara a CD. Idan ka ga jerin Original Jazz Classics, wanda ke sake fito da na Prestige da Riverside da Contemporary, ko RVG Edition na Blue Note, ko na ECM ta Jamus, ko bugun Japan mai 'yar siririyar takarda a gefen kwalin, ka ɗauka ba tare da dogon tunani ba.

Wajen dubawa, yawancin mutane ƙasan CD suke kallo, alhali saman ya fi haɗari. Kiɗan yana daf da gefen da aka yi rubutu, ɗan siririn fenti ne kawai ya rufe shi, ƙasan kuwa roba ce mai kaurin fiye da milimita ɗaya. Karcewar ƙasa ana iya goge ta ko na'ura ta tsallake, ta sama kuwa ta tafi da kiɗan har abada. Ka ɗaga shi ka saita da fitila. In ka ga haske yana ratsowa ta 'yan ƙananan huji masu yawa, ko azurfar ta fara komawa ruwan tagulla daga gefe, ya fara ruɓewa. Wajen gogewa daga tsakiya zuwa baki ake ja, a miƙe, ba a zagaye ba, domin karcewar da ta bi zagaye ita ce na'ura ba ta iya cikewa.

Na jabu kuma sun cika kasuwa. Ƙasan na kamfani azurfa ne fes, in ya yi kore-kore ko shuɗi-shuɗi, a kwamfuta aka kwafa. Ka dubi zoben da ke kewaye da ramin tsakiya: na kamfani yana da lambar bugu, kuma daga 1994 yawanci akwai 'yan ƙananan haruffa IFPI da lamba, ɗaya a azurfar ɗaya a robar. Wanda aka buga kafin 1994 ba shi da su, wannan ba aibi ba ne. Ɗan littafin ciki ma yana tona asiri, na jabu falle ɗaya ne, hoton ya dushe, ƙananan rubutu ba sa karantuwa. A jazz kuwa littafin nan rabin kayan ne, a nan za ka san wa ya busa, wa ya kaɗa ganga, a wace rana aka ɗauka.

Da ka kai su gida ka kwafe su a kwamfuta da manhajar Exact Audio Copy, a tsarin FLAC wanda ba ya rage sauti. Kowane CD yakan ci megabait 300 zuwa 400. Ka ajiye kwafi biyu a wuri biyu.

Baban Khalifa, Bauchi

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Malam, saura wanki da ajiya. An ce mini a wanke da sifirit na kemis ko ruwan leda da omo, haka ne? Masu kaurin nan marasa bango fa, su ma haka za a yi musu? Kuma wanda ya ɗan bauɗe, na ji ana sa shi tsakanin gilashi biyu a rana.

Malam Mai Garmaho, Gombe

A'a, duka ukun kada ka yi. Masu kaurin nan faifan 78 ne, ba roba ba ce, da wani irin ƙaro aka yi su, kuma duk wani sifirit narkar da su yake. Ruwa kaɗan da ɗigon sabulu, a goge a busar nan take, kada a jiƙa su. Suna fashewa in sun faɗi, kuma allurarsu daban ce, kaurinta ya ninka ta faifan 33 wajen sau huɗu, ga shi sai na'urar da ke da gudun 78. Ka ware su gefe tukuna.

Na 33 da 45 ruwan da aka tace ta hanyar tururi ake nema, wanda ba gishirin komai a cikinsa. Ruwan rijiya, na burtsatse da na leda duk suna barin farin gari a cikin layi in sun bushe, allura kuma ta riƙa karanta shi ƙas-ƙas. Za a ce maka ka sayi ruwan batir, to ka yi hattara sosai, domin sunan ɗaya ne da mai asid. Gara ka nema a wurin masu sayar da kayan ɗakin gwaje-gwaje. Kowane ka samo ka gwada shi: ka ɗiga kaɗan a kan ɗan garin kanwa, in ya yi kumfa yana tafasa akwai asid. Sannan ka ɗiga a gilashi mai tsabta ka bar shi ya bushe, in ya bar tabo ba tatacce ba ne. Sifirit na kemis kuma sau da yawa an haɗa shi da wasu abubuwa har da launi, isopropyl ake so mai kashi 99. Haɗin shi ne mililita 800 na ruwan, 200 na isopropyl, da ɗigo biyu ko uku na sabulun ruwa na wanke kwanuka marar turare. Omo ba ya shiga nan sam.

Ka fara kaɗe busasshiyar ƙurar da buroshi mai laushi, domin in ka goga tsumma a kan ƙurar hunturu yashi kake gogawa. Ka kwantar da faifan a kan tawul mai tsabta, ka rufe takardar tsakiya da murfin roba, ka zuba haɗin ya jiƙa layukan, ka bar shi minti biyu zuwa uku. Sannan ka bi da buroshin fenti sabo mai laushi, a zagaye yadda layukan suka tafi, akasin yadda Maman Sadiq ta ce a yi wa CD. Ɗauraya da tataccen ruwa zalla ita ce matakin da ake yawan tsallakewa, kuma ita ta fi muhimmanci, sabulun da ya kwana a layi danƙo yake zama ya naɗe a bakin allura. Ka tsane da tsumman microfibre, ka jingine shi a tsaye a inuwa cikin ɗaki a rufe wajen rabin awa. Kada ka mayar da wankakken faifai cikin tsohuwar takardarsa. Ka sa sabuwar rigar ciki ta leda mai laushi irin HDPE. Ledar nan mai kauri mai sheƙi da warin roba, ta PVC, ita kuwa a zafi tana fitar da wani abu da ke dusar da fuskar faifai ya riƙa shuu, kuma ba ya wankuwa.

Bangon da ya yi fumfuna a goge shi da busasshen tsumma a waje, ya sha iska a inuwa, a raba shi da sauran har warin ya tafi.

Gilashi a rana kuwa, ranar Bauchi ba ta da ma'auni, kafin faifan ya miƙe layukan sun narke. In bauɗewar kaɗan ce kuma allura tana bi, ka ƙyale shi. In kana son gwadawa, tsakanin katako biyu masu santsi da littattafai a kai, a cikin ɗaki, wata biyu ko uku, wani lokaci yana ɗan ragewa.

Ajiya a tsaye ake yi, ba a jibge ba, ba kuma a jingine a karkace ba. Ka gaya wa kafinta zurfin kanta da tsayin kowane hawa su kai santimita 33 zuwa 35, da katangar katako duk bayan santimita 20 zuwa 30 don kada su kwanta a kan juna. Katakon ya yi kauri, domin faya-fayan da suka cika santimita 30 nauyinsu yakan kai kilo 15. Kantar ta tashi daga ƙasa kamar taƙi ɗaya, a ja ta daga bango kaɗan saboda gara da danshin Agusta, kuma kada ta jingina da bangon da rana ke duka da yamma. Ɗaki mai silin. Da hunturu iska takan bushe har faifai ya riƙa tartsatsi yana jan ƙura da kansa, sai ka riƙa bin sa da buroshin carbon fibre kafin kowane sauraro, allurar ma a share ta daga baya zuwa gaba. Ranar ɗauko su kada su shiga but ɗin mota, a kujera a tsaye, da safe, kuma kada a ajiye motar a rana da su a ciki ko na rabin awa.

Ɗan Jekadafari

Ƙari kaɗan ga wanda zai ci gaba da tarawa bayan kwalin nan, tunda a Bauchi da Gombe sai dai irin wannan sa'a. Masu zuwa Legas su leƙa Jazzhole a titin Awolowo, Ikoyi. Masu oda daga waje kuma, kuɗin aike yakan fi na faifai ɗaya, don haka a tara uku zuwa biyar wurin mai sayarwa ɗaya. A rubuta masa ya zare faifan daga bango ya ajiye shi a gefensa cikin kwalin aike mai tauri, in ba haka ba jijjigar hanya tana sa gefen faifan ya tsaga bangon. A nemi lambar bin sawu, kuma a karɓo da wuri kada ya kwana kwanaki a sito mai zafi.

A kula da sababbin bugu masu araha daga Turai masu tallar giram 180. Kiɗan da aka fitar kafin 1963 ya fita daga haƙƙin mallaka a can, kowa yana iya bugawa, kuma da yawansu ba su da tef ɗin asali, daga CD suke kwafa. Nauyin roba ba ya ƙara sauti. In ba ka ga sunan kamfanin asali a bango ba, gara CD ɗin. Sabon bugu na kirki shi ne irin Tone Poet da Blue Note ta fara a 2019 da jerinta na Classic Vinyl.

Sannan Baba Malam, a bar ni in ce kada idonmu ya tsaya a New York kaɗai. Yusef Lateef, makaɗin jazz ɗan Amurka, ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, kuma a 1983 ya yi faifai mai suna Hikima da aka fitar a nan ƙasar, ban da In Nigeria da ya ɗauka a Legas. Irin wannan, da na Fela na zamanin ƙungiyar kiɗansa Koola Lobitos, da bugun EMI da Decca da Philips na Najeriya, a gidajen tsofaffin malamai da ma'aikata na Arewa za a fi samunsu fiye da kantunan Turai. Baban Khalifa, ƙananan faifan nan masu gudun 45 ka duba su da kyau ɗaya-ɗaya, duk wanda ka ga an rubuta Made in Nigeria ka ɗauki hoton takardar tsakiya gaba da baya da lambobin filin da ba kiɗa, ka sa mana a nan mu taya ka tantancewa.